Wurin Wanki na Tarayya a Lokacin Annoba: Garki da Sansanin Durumi

Garki na daga cikin unguwannin farko da aka gina a Abuja bayan dokar 1976 da ta kafa sabon babban birnin tarayya, kuma tun kafin a ɗauke mazaunin gwamnati daga Legas a ranar 12 ga Disamba 1991 ma'aikata suka fara tarewa a rukunonin gidajen da ake kira Eriya 1, Eriya 2, Eriya 3 da sauransu. Masu tsara birnin sun zana kowane gida da famfonsa da bayan gidansa, ana turo masa ruwa daga madatsar Usuma, don haka wanki a tunaninsu harka ce da kowane iyali zai yi a cikin gidansa ba tare da ya haɗu da kowa ba. Sai dai a tsakiyar wannan tsari akwai tsohon ƙauyen Garki, wanda ya riga birnin kafuwa, inda ƙananan ma'aikata da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu ke zaune a gidajen haya masu ɗakuna jere suna kallon juna, da tsakar gida ɗaya da kwata ɗaya da igiyar shanya ɗaya. Daga gefen Eriya 1 kuma, a Durumi, akwai sansanin 'yan gudun hijira, galibinsu mutanen Gwoza ta jihar Borno da suka baro gida bayan Boko Haram ta ƙwace garin a watan Agusta na 2014, suka kafa bukkoki na buhu da tampol da kwano, suna ɗibar ruwa a rijiyoyin burtsatse da ƙungiyoyi da masu taimako suka haƙa. A waɗannan wurare biyu mutum ba ya wanki shi kaɗai, kuma wannan ne ya sa bakin famfo ya zama wurin da annoba ta fi gwada zaman tare.

Annoba ita ce cutar da ke kama mutane da yawa a lokaci guda, kuma idan ta tsallake iyakokin ƙasashe da nahiyoyi sai a kira ta annobar duniya, matsayin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba cutar korona a ranar 11 ga Maris 2020, mako biyu bayan an tabbatar da mutum na farko da ke ɗauke da ita a Najeriya, a Legas, a ranar 27 ga Fabrairu. A ranar 29 ga Maris Shugaba Muhammadu Buhari ya sanar da dokar kulle a Legas da Ogun da Abuja, wadda ta fara aiki a Legas da Abuja da daren 30 ga wata, ba a kuma fara sassauta ta ba sai ranar 4 ga Mayu. An rufe ofisoshi da makarantu da masallatai da majami'u, har hukumar yi wa ƙasa hidima ta sallami matasan da ke sansanoninta, ciki har da na Kubwa, domin ta san abin da kwana da wanka da wanki a wuri ɗaya kan haifar. Mazauna Durumi ba su da wani gida da za a sallame su zuwa cikinsa, kuma dokar ta faɗo a ƙarshen rani, lokacin da zafin Abuja ke kan ganiyarsa, ruwa ya yi wuya, tufafi kuma suna jiƙewa da gumi tun kafin azahar.

Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar game da tufafin majinyaci a lokacin a fili take: a tattara su a jaka ta dabam, kada a kakkaɓe su, kada su taɓa jikin mai wanki, a wanke su da sabulu da ruwa ko a injin wanki da ruwa mai zafin digiri 60 zuwa 90, sannan a shanya su bushe sarai. Shawara ce mai kyau, amma rabinta an rubuta shi ne domin gidajen da ke da injin wanki da wutar lantarki, alhali matar da ke sayen jarkar ruwa a kurar ɗan ga-ruwa, ko take jiran layi a bakin burtsatse, sai ta lissafa gawayin da za ta ƙona kafin ta tafasa tukunya guda. Abin da ya kamata ta sani shi ne cewa sabulu kaɗai ya isa ga wannan cuta, domin ƙwayar korona tana lulluɓe da wata 'yar fata ta maiƙo, sabulu kuwa aikinsa narkar da maiƙo, kuma da zarar fatar ta fashe ƙwayar ta daina iya kama mutum. Sabulun wanki na sanda da garin omo da sabulun salo duk suna yin wannan aiki, muddin an bar tufafin sun jiƙa a cikin kumfa, an cuɗe su sosai, an ɗauraye, an kuma bar rana ta busar da su.

Tsoron da aka yi wa tufafi da kan famfo a watannin farko yana da tushe, domin wani bincike da aka buga a Amurka a watan Maris na 2020 ya nuna cewa ƙwayar na iya rayuwa har kwana uku a kan roba da ƙarfe a ɗakin gwaji. Daga baya ilimi ya ƙaru, kuma a watan Afrilu na 2021 hukumar daƙile cututtuka ta Amurka ta bayyana cewa yiwuwar kamuwa ta hanyar taɓa abin da ƙwayar ta sauka a kai bai kai ɗaya cikin 10,000 ba, kuma babbar hanyar yaɗuwarta ita ce numfashi da tari da magana tsakanin mutanen da ke kusa da juna. Ma'anar wannan ga wurin wanki babba ce, domin haɗarin ya tashi daga cikin baho ya koma kan bakunan da ke sunkuye a kansa. Mata biyu da suka haɗa kai a kan baho ɗaya suna cuɗa suna hira na tsawon awa guda sun fi fuskantar cutar fiye da wadda ta wanke rigar majinyaci ita kaɗai a gefe, kuma wanki a tsakar gida ko a fili, inda iska ke kaɗawa, ya fi aminci nesa ba kusa ba a kan wanki a lungun banɗaki mai rufi.

Saboda haka ladabi na farko a irin wannan lokaci na rabon lokaci ne, kuma Bahaushe bai buƙaci a koya masa shi daga waje ba. Tun fil azal jarka da bokiti ke riƙe wa mai su layi a bakin famfo, a jera su ɗaya bayan ɗaya, mai abu ya koma inuwa ko ɗakinsa har sai an kira shi, kuma wanda ya tsallake jarkar wani ya san ya taɓo rigima. A lokacin annoba wannan tsohuwar al'ada ta zama rigakafi, domin tana ba da damar a sami tazarar da ake nema, mita ɗaya a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ko mita biyu a shawarar hukumar NCDC ta Najeriya, ba tare da kowa ya rasa haƙƙinsa ba. Wadda ta iso takan ce, “Sannu da aiki, Inna, wa nake bi?” a nuna mata jarkar ƙarshe, ta ajiye tata ta ja baya, kuma gaisuwar ta cika ko da ba a yi musafaha ba. Abin da ke rushe wannan tsari shi ne wanki a gindin famfon kansa, domin mai yin haka tana tare hanya, tana tsawaita jiran kowa, tana kuma tara mutane a kanta. Daidai shi ne a ɗebi ruwa a koma gefe, a raba ranaku ko sa'o'i tsakanin ɗakuna idan gidan haya ne, a bar wa tsofaffi da masu ciki da masu ciwon suga ko hawan jini lokacin da wurin ya fi zama wayam, tunda su ne cutar ta fi yi wa illa.

Aron baho da bokiti da ɗan guntun sabulu na daga cikin abin da ke riƙe zumunci a gidan haya, kuma hana shi gaba ɗaya da sunan annoba ba zai yiwu ba, ba kuma zai yi kyau ba. Abin da ya wajaba shi ne wadda ta ara ta wanke shi da sabulu ciki da waje kafin ta mayar, ta kife shi a rana, kuma bahon da aka wanke ƙunzugun jariri ko zanen majinyaci a cikinsa kada ya shiga hannun maƙwabta ko kaɗan. Haka igiyar shanya, wadda ƙa'idarta ta dā ita ce mai kaya ya kwashe nasa da zarar sun bushe domin na baya ya samu wuri. Maƙwabciyar da ta ga hadari ya haɗo takan kwashe shanyar kowa ta kai masa ɗaki, kuma wannan alheri ne da bai kamata annoba ta kashe shi ba, sai dai ta wanke hannu kafin ta taɓa, ta ajiye a ƙofa maimakon ta shiga.

Wurin da al'amarin ya fi nauyi shi ne na faɗin gaskiya game da rashin lafiya. A 2020 mutane da yawa sun ɓoye zazzaɓi da tari saboda tsoron a ɗauke su zuwa cibiyar killacewa, wato wurin da ake ware masu cutar har su warke, ko tsoron maƙwabta su ƙaurace musu, kuma ga wanda abincinsa na yau ya dogara da fitarsa ta yau wannan tsoro ba na banza ba ne. Amma sauran gidan suna bin ɗakin da ke da majinyaci bashin sanarwa, ko da a asirce ne ta bakin dattijuwar gida ko shugabar mata ta sansani, domin a ware masa lokacin wanki na ƙarshe da gefen da zai zubar da ruwa. Shi kuma ɗakin yana bin sauran gidan bashin da ya fi wannan, wato kada su mayar da sanarwar abin gori, su ɗebo wa ɗakin ruwa su ajiye a ƙofa, su riƙa tambayar mai jiki daga nesa. Duk inda aka wulaƙanta wadda ta faɗi gaskiya, ta biyu ba za ta faɗa ba, kuma kayan majinyacinta za su shiga layi ba tare da kowa ya sani ba. Wannan haƙƙi ya shafi masu wanki da guga, maza 'yan ci-rani da ke karɓar kaya gida-gida a Garki, domin wanda ya miƙa musu ƙunshin zanen gadon mara lafiya bai ce komai ba ya ci amanarsu, kuma kuɗin wanki bai biya wannan ba.

Kuskure ne a ɗauka cewa abin da ya dace da korona ya dace da kowace annoba. A 2021 cutar amai da gudawa, wato kwalara, ta kama mutane fiye da 100,000 a Najeriya ta kashe fiye da 3,000, har da wasu a yankin Abuja, kuma ita a cikin bayan gida da amai take, ruwa ne kuma ke ɗaukar ta. A nan haɗarin ya koma cikin baho da gaske, domin ruwan da aka wanke zanen mai gudawa idan ya gangara kusa da rijiya ko ya shiga kwatar da yara ke wasa zai iya kwantar da gida guda cikin kwana biyu. Irin waɗannan kaya ana jiƙa su minti 30 a ruwan kulorin mai ƙarfin kashi 0.05 cikin ɗari, wanda ake samu idan an zuba awo ɗaya na bilic irin su Hypo ko Jik, mai kashi 3.5 a jikin kwalba, a cikin awo 69 na ruwa, kuma ba a haɗa shi da wani maganin wanke banɗaki domin haɗin na fitar da iska mai guba. Ruwan kuma a masai ake juye shi. Ƙyandar biri da ƙazwa suna bin tufafi da shimfiɗa kai tsaye, don haka su ma kayan mai su ba sa haɗuwa da na kowa.

Akwai wani bambanci da malamai ke da rawar takawa wajen bayyana shi. Littattafan fiƙihu da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, irin su Ahalari da Ishmawi da Risala, sun koyar da cewa ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su canja ba yana tsarkakewa, kuma tufa tana tsarkaka idan an gusar da najasa daga jikinta. Wannan hukunci ne na ibada kuma yana nan daram, sai dai ƙwayar kwalara ba ta canja launi ko ƙanshi, don haka rigar da ta halatta a yi salla da ita tana iya ɗauke da cuta idan ruwa kawai aka zuba mata. Limami ko fasto da ya faɗi wannan a sansani, inda Musulmi da Kirista ke ɗiba a famfo ɗaya, ya fi takardar da aka manna a bango tasiri.

Duk da haka ladabi yana da iyaka, kuma rashin adalci ne a ɗora wa matan Durumi nauyin abin da ba su da iko a kansa. Ƙa'idojin Sphere, wato mafi ƙarancin ma'aunin da ƙungiyoyin agaji na duniya suka amince da shi, sun tanadi lita 15 na ruwa ga kowane mutum a rana, famfo ɗaya ga mutum 250, wurin wanki ɗaya ga mutum 100, giram 200 na sabulun wanki ga kowa a wata, da jiran layi da bai wuce minti 30 ba. Inda famfo ya yi kaɗan layi zai yi tsawo komai tarbiyyar masu jira, kuma uwar da ta rage da bokiti ɗaya za ta zaɓi girki a kan wanki. Dandamalin siminti mai gangara zuwa ramin tsotse ruwa, nesa da bakin burtsatse, da tanki na biyu da ƙarin igiyoyin shanya aiki ne da ya rataya a wuyan hukumar agajin gaggawa ta Abuja da ƙaramar hukumar birni da hukumar kula da 'yan gudun hijira ta ƙasa, kamar yadda gyaran kwata da famfo a gidajen hayar ƙauyen Garki ya rataya a wuyan masu gidajen da ke karɓar kuɗin haya duk shekara.