Wasannin Kwamfuta: Allo Mai Doro Ko Shafaffe?

Tsohon allo mai doro, wato CRT, yana nuna hoto da zarar saƙo ya iso gare shi, shi ya sa masu gasar Super Smash Bros. Melee suke riƙe da shi har yau. Sai dai manyan kamfanoni sun daina ƙera shi. Sony ya dakatar da samfurinsa na Trinitron a 2008. Na hannu ake samu, ga nauyi, ga zuƙar wuta fiye da shafaffen allon LCD, abin da mai dogaro da janareto ko sola zai ji a aljihunsa.

Mai sayen LCD ya duba lambar Hz: 60 na nufin hoto yana sabuntuwa sau 60 a daƙiƙa. Wasannin tsere da harbi sun fi kyau da 144.