Ford Ta Huda Murfin Ƙarƙashin Inji Don Hana Gobara: Me Ya Sa Masu Motocin Ba Su Gamsu Ba?

A watan Yulin 2022, kamfanin Ford ya nemi a dawo masa da motoci kusan dubu 100 a Amurka domin a gyara su kyauta, saboda fargabar injinsu zai iya kamawa da wuta. Motocin su ne Ford Escape ƙirar 2020 zuwa 2022, da Maverick ta 2022, da Lincoln Corsair ta 2021 zuwa 2022, dukkansu masu inji mai lita 2.5 da ke haɗa fetur da lantarki. Abin da ya tayar da ƙura shi ne irin gyaran da aka yi: maimakon a taɓa injin, sai aka huda murfin da ke ƙarƙashinsa.

Asalin matsalar

An samu kuskure wajen ƙera wasu daga cikin injunan, wanda kan sa inji ya buga ana cikin tafiya. Idan bugun ya yi tsanani, ƙarfe kan fasa jikin injin ko kaskon da baƙin mai ke taruwa a ciki. Daga nan sai baƙin mai da tururin fetur su fito. Idan suka taru kusa da wuri mai zafi kamar salansa, wuta na iya tashi.

Akwai wani ƙarin haɗari ga irin waɗannan motoci. Motar fetur zalla takan tsaya cak idan injinta ya mutu, amma wadda take da batirin tuƙi na iya ci gaba da gungurawa, direba bai ankara da cewa mai na tsiyaya ba.

Aikin murfin, da gyaran da aka yi masa

A ƙasan injin yawancin motocin zamani akwai wani faffaɗan murfi. Yana tare ruwa da laka da tsakuwa, yana rage ƙara, yana kuma sa iska ta wuce sumul ta ƙasan mota, abin da ke ɗan rage shan mai. Sai dai idan mai ya zubo, murfin yakan zama kamar faranti, ya tara shi a daidai inda zafi yake.

Don haka Ford ta umarci dillalanta su ƙara wa murfin ramuka yadda mai zai zube ƙasa. Ta kuma ce a cire wasu daga cikin filafilan da ke gaban lagireto, waɗanda kan buɗe su rufe da kansu, domin iska ta riƙa shiga tana kore tururi tana rage zafi.

Ƙorafin masu motoci

Babban ƙorafin shi ne injin da ke da lahani yana nan yadda yake. Gyaran bai hana shi bugawa ba, kawai ya rage yiwuwar bugun ya zama gobara. Mai mota zai iya tsintar kansa a tsakiyar babban titi da mataccen inji.

Na biyu, man da ya bi ta ramukan a kan kwalta zai sauka, ko a garejin gida. Yana gurɓata muhalli, yana kuma sa titi santsi ga masu babur da motocin da ke biye.

Na uku, mutane sun sayi waɗannan motoci ne saboda ƙarancin shan mai, ga shi an rage wa kayan da aka saka domin hakan ƙarfi. Wasu kuma sun damu cewa ruwa da gishirin da ake barbaɗawa a titunan Amurka lokacin ƙanƙara za su fi samun hanyar shiga. Har kotu wasu masu motocin suka kai kamfanin a kan wannan gyara.

Ba a daɗe ba fargabar ta tabbata. A watan Yunin 2023 Ford ta sake kiran motoci kimanin dubu 125, har da waɗanda aka riga aka yi wa gyaran farko, bayan samun rahoton gobara a wasu daga cikinsu. A wannan karon an koma kan injin: sabunta manhajar kwamfutar da ke sarrafa shi domin ta gano alamun lalacewa da wuri, da kuma sauya injin idan an ga ya taɓu.

Abin da ya shafi mai sayen tokumbo

Motocin Amurka da yawa kan ƙare a kasuwannin Najeriya, kuma ba kowace ce ta ga dillali kafin a loda ta a jirgin ruwa ba. Duba wannan ba ya buƙatar komai sai waya da data. Kowace mota tana da lambar VIN mai haruffa da lambobi 17, a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba ko a jikin ƙofarsa. Idan aka shigar da ita a nhtsa.gov/recalls, shafin hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, zai nuna ko akwai gyaran da ba a yi ba.

Ganin ramuka a murfin ba hujja ba ce cewa motar ta tsira, domin alamar gyaran farko ce kawai. Haka nan cire murfin baki ɗaya, kamar yadda wasu makanikai kan yi idan ya fara lilo, ba ya warkar da inji, sai dai ya bar shi ga ruwa da duwatsu.

Shawarar da Ford ta bai wa direbobin waɗannan motoci ita ce: da zarar an ji baƙuwar ƙara daga inji, ko mota ta rage ƙarfi, ko an ga hayaƙi, a sauka gefen titi inda babu haɗari a kashe ta nan take.