Yadda Za Mu Kare Kwamfutocinmu Na Gida Daga Masu Kutse

A yau na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, ta shiga gidaje da dama a garuruwa da ƙauyukan jiharmu. Ma'aikacin ƙaramar hukuma kan koma gida da aikin ofis a cikinta, kamar jerin albashi ko sunayen manoman da za a raba wa taki. Malamin makaranta na ajiye sakamakon jarrabawa, ɗan kasuwa kuma na duba asusunsa na banki. Duk waɗannan amana ce, kuma akwai masu farautarsu. Su ne ake kira masu kutse, wato mutanen da ke shiga kwamfutar wani ba da izininsa ba, domin satar bayanai ko kuɗi.

Ya kamata jama'a su sani cewa mai kutse ba sai ya san mutum yake cutar da shi ba. Yakan saki muguwar manhaja ne a intanet, ta riƙa laluben duk kwamfutar da aka bari babu tsaro. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da ya faru a 2017 ya ishe mu misali. A ranar 12 ga watan Mayu na wannan shekara, wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kimanin 150. Takan kulle duk bayanan da ke ciki, sannan ta nemi fansar dala 300. Asibitoci da dama a Ingila sai da suka ɗage ganin marasa lafiya. Abin lura shi ne, tun a watan Maris kamfanin Microsoft ya fitar da gyaran da ke toshe wannan kafa. Waɗanda abin ya rutsa da su ba su ɗora gyaran ba ne.

Saboda haka mataki na farko shi ne sabunta manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Mun san data na da tsada, kuma intanet ba shi da ƙarfi a wasu yankunan, amma asarar da kutse ke jawowa ta fi kuɗin data nesa ba kusa ba. Masu sayen kwamfuta ta hannu su duba irin Windows ɗin da ke kanta. Microsoft ya daina gyara Windows XP a 2014 da Windows 7 a 2020, wa'adin Windows 10 kuma ya cika a watan Oktoba na 2025.

Na biyu, a bar manhajar tsaro ta Microsoft Defender, wadda ke zuwa kyauta tare da Windows, a kunne koyaushe. Da ita za a binciki duk filash ɗin da ya je shagon buga takardu ko wani ofis kafin a buɗe abin da ke cikinsa. A guji ɗora manhajojin sata da ake samu a kasuwa, domin sau da yawa a cikinsu ake ɓoye cutar.

Na uku, a yi hattara da saƙonnin yaudara na imel ko WhatsApp masu alkawarin tallafi, rance ko aikin gwamnati. Kada a latsa adireshin da ke cikinsu, kada a buɗe takardar da suka zo da ita. Babu bankin da zai nemi lambar sirrin katinmu, ko lambar da yake turowa ta waya don tabbatar da ciniki.

Na huɗu, kalmar sirri ta zama doguwa, kada ta zama sunan ɗa, ranar haihuwa ko lambar waya, kuma kowane asusu ya samu tasa. Inda aka ba da damar ƙara tabbaci ta lambar da ake turowa waya, a yi amfani da ita. Idan yara na taɓa kwamfutar, a buɗe musu sashensu daban da na aiki.

Na biyar, a riƙa kwafe muhimman takardu a wata ma'ajiya ta daban, a cire ta daga jikin kwamfutar a adana. Wanda ke da kwafi, mai neman fansa ba shi da abin da zai riƙe shi da shi.

Idan kuwa an ga alamar kutse, a katse intanet nan take, a sanar da banki ya rufe asusu, a canza kalmomin sirri ta wata na'urar. Ma'aikaci ya shaida wa shugabansa ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Kada a biya fansa, domin babu tabbacin za a dawo da bayanan. A kai rahoto ga 'yan sanda ko hukumar EFCC, kasancewar kutse laifi ne a ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024.

Muna kira ga hakimai, dagatai, kansiloli da shugabannin sassa da su isar da wannan bayani ga jama'arsu. Rigakafi dai ya fi magani.