Gasket da Mazaunin Inji: Kimiyyar da Ke Cikin Sauya Injin Mota

Idan injin mota ya gaji, mai ita yakan zaɓi ɗaya cikin biyu: ko a kwance injin a sake haɗa shi, ko a sayo na hannu, wanda ake kira ɗan Beljiyam, a kasuwa irin ta Ƙofar Ruwa a Kano. Ko wanne aka zaɓa, akwai abubuwa biyu masu araha da ake yawan rainawa, alhali kuwa tsawon ran injin ya dogara a kansu. Su ne gasket da mazaunin inji. Aikinsu ya yi kama da na guringuntsi a jikin ɗan Adam, wato shiga tsakanin abubuwa biyu masu tauri don kada su ci juna.

Gasket wani faifai ne da ake shimfiɗawa tsakanin kan inji da gangar jikinsa. A wannan mahaɗa abubuwa uku ke wucewa: iskar ƙonewar fetur, wadda zafinta kan wuce digiri 2,000 a ma'aunin Salshiyos, da ruwan sanyaya inji, da baƙin mai. Tilas ne kowanne ya tsaya a hanyarsa. Mu ɗauki misalin Peugeot 504, wadda aka daɗe ana haɗawa a Kaduna. Kan injinta na alminiyum ne, gangar jikin kuma ƙarfen zubi. Idan suka ɗauki zafi, alminiyum kan buɗe kusan ninki biyu na buɗewar ƙarfe, don haka sassan biyu suna gogar juna duk lokacin da injin ya yi zafi ko ya huce. Gasket ne ke jure wannan motsi. In ya ƙone, sai a ga farin hayaƙi a salansa, ruwan lagireto yana kumfa, baƙin mai kuma ya koma kamar madara.

Saboda haka ba a mayar da tsohon gasket, domin an riga an matse shi, ba zai sake cike gurbi ba. Kuma da lambar inji ake sayen sabo, ba da sunan mota ba, musamman idan an sauya injin. Wajen ɗaure notuna, akan fara daga tsakiya zuwa gefe, a kan ƙarfin da masu ƙera injin suka ƙayyade.

Akwai kuma batun lafiya. Gasket na da, da yawa an yi su ne da ma'adinin asbestos, wanda ƙurarsa ke maƙalewa a huhu, ta haddasa ciwon daji bayan shekaru masu yawa. Tarayyar Turai ta haramta shi a 2005. Mai kankare tsohon gasket ya jiƙa wurin tukuna, kada ya hura ƙurar.

Shi kuwa mazaunin inji, curin roba ne tsakanin ƙarfe biyu. Inji mai silinda 4 da ke juyi 800 a minti yana fashewa sau 1,600 a mintin, kuma robar ce ke shanye girgizar. Asalinta ƙaro ne na itaciyar Hevea brasiliensis ta dajin Amazon, wadda ake nomawa a jihohin Edo da Delta. A 1839 Charles Goodyear ya gano cewa dafa ta da farar wuta na sa ta jure zafi. Sai dai baƙin mai yana kumbura ta, ya ruɓar da ita. Ke nan yoyon gasket kan kashe mazauni.

Idan sabon injin ba irin na motar ba ne, wajibi ne a daidaita mazaunansa yadda zai yi saiti da giya da farfela. Wasu sukan yi walda kai tsaye ba roba, daga bisani girgiza ta tsattsaga ƙarfen.

Ɗalibin da ya karanta darasin buɗewar ƙarfe a aji, ya leƙa garejin unguwarsu ranar da ake kwance inji, zai ga darasin da idonsa.