Mayar da Gine-ginen Gona Masaukin Baƙi: Izinin da Manomin Paikon Kore Ke Buƙata

Gabatarwa

Garin Gwagwalada yana ta faɗaɗa tun bayan kafa Jami'ar Abuja a 1988, ga kuma asibitin koyarwa da ke jawo masu jinya daga nesa. Wannan ya sa neman wurin kwana ya ƙaru har zuwa ƙauyukan da ke kewaye, ciki har da Paikon Kore. Idan kana da tsohon siton hatsi, ko ɗakin kaji da ka daina amfani da shi, ko ɗakunan leburori da suka zama kango, ba mamaki ka yi tunanin gyara su ka riƙa saukar da baƙi don samun kuɗin shiga a lokacin rani. Tunanin ba shi da laifi. Amma kafin ka sayi buhun siminti ko ɗaya, ka san cewa a idon doka sauya amfanin gini daidai yake da yin sabon gini. Ko da ba ka ɗora bulo ɗaya ba, ranar da baƙo ya biya kuɗi ya kwana a inda da kake ajiye masara, ka yi abin da ke buƙatar izinin hukuma.

Fara da takardar fili

Matsayin ƙasa a Babban Birnin Tarayya ya bambanta da na jihohi. Dokar soja mai lamba 6 ta 1976, wadda ta kafa birnin, ta damƙa dukkan ƙasar yankin a hannun Gwamnatin Tarayya, kuma sashe na 297 na tsarin mulkin 1999 ya sake tabbatar da haka. A Kano ko Katsina, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallaka ta gargajiya a karkara. A Abuja ba haka ba ne. Ministan birnin ne ke da ikon ba da fili a madadin Shugaban Ƙasa, kuma Kotun Ƙoli ta jaddada wannan a shari'ar Madu da Madu a 2008.

Ma'anar wannan a gare ka ita ce, takardar ciniki da dagaci ko mai unguwa ya sa wa hannu tana da amfani wajen kashe rigima tsakaninka da maƙwabta, amma ba za ta wadatar ba a ofishin da ke ba da izinin gini. Haka nan takardun da ƙananan hukumomin yankin suka raba a shekarun baya: a 2006 an umarci masu riƙe da su da su miƙa su ga ofishin AGIS, mai ajiye bayanan filayen Abuja a kwamfuta, don a tantance. Idan irin wannan takarda ce a hannunka, je ka bincika matsayinta tukuna. Wannan lamari yana da ɗaci ga 'yan asalin yankin da suka gaji gonakinsu kaka da kakanni, kuma malamin gona bai kamata ya raina wannan ɗacin ba. Sai dai aikinsa shi ne ya faɗa wa manomi yadda dokar take, don kada jarinsa ya tafi a bakin katafila.

Akwai kuma wani abu da ya keɓanta da Paikon Kore. Nan ne ɗaya daga cikin wuraren kiwo huɗu da aka ware a Babban Birnin Tarayya. Sauran su ne Karshi, Kawu da Rubochi. Idan gonarka ta faɗa cikin iyakar wannan makiyaya, ko kan burtali, ko ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, ko a gaɓar rafi, kada ka sa ran samun izinin masauki. Safiyo mai rajista zai auna maka wurin ya gaya maka inda kake a taswira.

Izinin sauya amfani

Kowace takardar mallaka tana ɗauke da layin da ya bayyana abin da aka ba da filin dominsa: noma, gidan zama, kasuwanci, da sauransu. Ɗauko taka ka duba. Idan an rubuta noma, to sito da ɗakin kaji da garken dabbobi sun dace da manufar, amma masaukin haya kasuwanci ne. Dokar Tsara Birane da Yankuna mai lamba 88 ta 1992 ta lissafa sauya amfanin fili ko gini cikin ayyukan da ba a yin su sai da izini.

Saboda haka za ka rubuta takardar neman sauyi ga Hukumar Gudanar da Babban Birnin Tarayya, ka haɗa da kwafin takardar mallaka, taswirar fili, shaidar biyan harajin fili, da rahoton ƙwararren mai tsara gari da ke bayanin dalilin sauyin. Jami'an tsara gari za su auna buƙatarka da tsarin da aka yi wa yankin. Suna iya amincewa, suna iya ƙi, suna kuma iya amincewa da sharaɗi. Idan an amince akwai kuɗin sauyi, kuma harajin filin kasuwanci ya fi na noma. Kada ka ɗauki wannan haraji da wasa: a watan Maris na 2025 hukumar ta sanar da soke takardun filaye 4,794 a tsakiyar birnin saboda masu su sun haura shekara goma ba su biya ba.

Shawararmu ita ce kada ka nemi sauya gonar baki ɗaya. Nemi a yanke ɗan ɓangaren da gine-ginen suke, sauran ya ci gaba da zama na noma. A Italiya, inda saukar baƙi a gona ya samu dokarsa tun 1985, sharaɗin shi ne noma ya ci gaba da zama babbar sana'ar gidan. Ingila kuwa ta sassauta ƙa'idar mayar da rumbunan gona gidajen zama a 2014, amma duk da haka sai an sanar da hukumar yanki ta duba. Idan ka ji wani ya dawo daga Turai yana cewa can ba a neman izini, ka san bai ba ka labarin duka ba.

Izinin gini

Bayan an amince da sauyin ne za ka kai zanen gini Sashen Kula da Gine-gine na birnin. Dole mai zanen gini da injiniya masu rajista su sa hannu a kai. Zanen da birkila ya yi maka a bayan kwali ba zai karɓu ba. Jami'ai za su zo su ga wurin, su duba tazarar ginin daga hanya da iyakar maƙwabci, hanyar shigar mota, magudanar ruwa da matakan kashe gobara. A ƙarƙashin dokar 1992 izinin yana aiki na shekara biyu. Idan ba ka fara aiki ba cikin wannan lokaci sai ka sabunta.

Wanda ya fara aiki ba izini, za a fara ba shi takardar dakatarwa, a shafa wa bangon jan fenti, sannan takardar rushewa ta biyo baya. Mazauna Abuja ba su manta da rusau na tsakanin 2003 da 2007 ba. Ginin da ba shi da izini kuma yana da wuya a biya diyyarsa idan gwamnati ta buƙaci filin.

Shin ginin ya dace mutum ya kwana a ciki?

A nan ne ilmin malamin gona ya fi amfani, domin jami'in da ya zo dubawa ba lallai ya san abin da aka taɓa ajiyewa a ɗakin ba. Siton da aka shekara da shekaru ana zuba takin zamani da maganin ƙwari, ko ana turara hatsi da ƙwayar fostoksin, ba ya zama ɗakin kwana don an shafa masa fenti. Ruwan magani yakan tsiyaya ya shiga daɓe da bango. A fasa daɓen a sake, a kankare shafen bango, a fitar da ragowar magunguna zuwa wani sito mai kulle nesa da baƙi. Idan wari bai fita ba bayan haka, bar ɗakin ya ci gaba da zama sito.

Ɗakin kaji yana da tasa matsalar. An gina shi da gajeren bango da waya don iska ta ratsa, kuma harsashinsa ba a haƙa shi don ɗaukar cikakken bango da silin ba. Sau da yawa injiniya zai gaya maka rushewa a sake ya fi gyara sauƙi. Idan kuma har yanzu kana kiwo a gefe, ka tuna baƙo yana iya shigo da cuta a takalminsa ko tayar motarsa. Masu kiwon da suka ga murar tsuntsaye ta 2006, wadda ta fara bayyana a Jihar Kaduna ta kuma iso Abuja, sun san irin asarar da ake magana a kai. Raba ƙofar baƙi da ta gona, ka yi shinge tsakaninsu, ka ajiye ruwan maganin tsoma ƙafa a bakin ɗakin kaji.

Sai batun ruwa da bahaya. Mutum goma da ke wanka da kewayawa kullum suna fitar da ƙazantar ruwa fiye da yadda salgar leburori za ta ɗauka. Gina sokawe aƙalla mita 30 daga rijiya ko burtsatse, kuma ya kasance a gangaren da ruwa ke gudu daga rijiyar, ba zuwa gare ta ba. Duba gangaren a watan Agusta lokacin da ƙasa ta ƙoshi, domin inda ya yi kama da tudu a rani yakan zama fadama da damina, sannan ka nuna wa mai zanen gininka wurin kafin ya kammala zane.