Kafin ka biya kuɗin mota mai turbo

Dillali zai ce maka Beljiyam ce, ba a taɓa kwance injinta ba. Ka saurare shi, amma kada ka yarda ya kawo maka ita da rana tsaka bayan ta sha tafiya. Je ka inda take kwana, da sassafe, ka dafa bonet ka ji sanyi, sannan a tayar da ita kana tsaye kusa da salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alama ce baƙin mai na ƙonewa, kuma sau da yawa daga turbo yake yoyo. Idan fari ne mai kauri, bai yanke ba har injin ya ɗumama, to ruwa ke shiga, a zargi gaskit.

Dalilin wannan sammako shi ne yadda turbo ke aiki. Hayaƙin da injin ya fitar ne ke juya wata 'yar farfela fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, ita kuma ta cusa iska cikin injin, sai ƙaramin inji ya yi ƙarfin babba. Babban abin da ke raya wannan farfela baƙin mai ne. Mai motar na farko in ya yi sakaci da juye, ko ya riƙa zuba mai arha, ɓarnar ta riga ta auku tun can, kai dai za ka gaje ta. Buɗe murfin mai ka leƙa. In ka ga daskararren baƙi kamar kwalta, kama hanyarka.

Sai kuma ƙasarmu. A watan Afrilu zafin Birnin Kebbi na haura maki 40, hunturu kuma ya zo da ƙurar da ke toshe matatar iska. Golf GTI ko BMW 335i da aka saba tuƙawa a sanyin Jamus, in lagiretonta ya gaji, nan asirinta zai tonu. Yawancin irin waɗannan injuna fetur mai ƙarfin 95 suke so, ba na bumburutu a galan ba.

Kada gwaji ya tsaya a zagayen unguwa. Hau hanyar Argungu, ka taka ta sosai da iyakwandishan a kunne, idonka kan allurar zafi. Turbo mai lafiya ɗan fito yake yi a hankali. Wanda ke kuka kamar jiniya ya kusa mutuwa. Ka kuma lura da cikinta a kan tudun rage gudu, don irinta kusan a ƙasa take rarrafe.

Mutumin Kebbi da ya ga ambaliyar 2020 ya san abin da ruwa ke yi wa wayoyin mota. Amurka ma na gwanjon motocin da ruwa ya ci. Ɗaga kafet, shinshina, duba tsatsa ƙarƙashin kujera, sannan a bincika lambar shasi mai harufa da lambobi 17 a shafin Carfax.

Takardun kwastam fa? Tun 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa, don haka wadda aka ce ta biyo ta Kamba ko Tsamiya daga Kwatano, je ofishin kwastam da kanka a tantance dutinta. Makaniken da za ka tafi da shi kuma ya zama mai na'urar kwamfuta, ka tambaye shi tun yanzu ko kayan gyaranta sai an aika Kano ko Legas, da nawa sabon turbo yake.