Eriya Mai Bakin Ƙaho: Misali Kan Raɗa wa Na'ura Suna

Ɗalibin fassara yakan yi tuntuɓe da sunan na'urar da bai taɓa gani ba. Misalinmu a wannan takarda shi ne wata eriya da injiniyoyi ke gwada kayan sadarwa da ita. A ganinmu sunan da ya dace da ita shi ne "eriya mai bakin ƙaho", kuma hujjar tana cikin abin da Bahaushe ya riga ya sani.

A unguwar Kilomita Biyar ta birnin Bangui, inda Hausawa 'yan kasuwa suka daɗe da zama, akwai Masallacin Koudoukou, wanda Fafaroma Francis ya ziyarta ranar 30 ga Nuwamba, 2015. Masallaci irin wannan, a unguwar da kasuwa ke ci kullum, da lasifika yake isar da kiran salla. To, a dubi siffar lasifikar: gindi a tsuke, baki a buɗe. Abin da ke kaɗawa a gindin ɗan ƙarami ne, in da za a bar shi haka kawai, kaɗan daga ƙarfinsa ne zai shiga iska. Buɗewar da bakin ke yi sannu a hankali ita ke miƙa sautin ga iska, ta kuma tattara shi ya fuskanci gefe guda.

Aikin wannan eriya ke nan, sai dai ita saƙon rediyo take fitarwa ko ta karɓa. Mai sauraren gajeren zango ya san mita 25 da mita 49. A nan kuwa zangon daga milimita 10 ne zuwa 1, wato gigahaz 30 zuwa 300. A wannan yanki na'urar hango cikas ta motocin zamani ke aiki, a kan gigahaz 77. Kuskure a gwajinta na iya sa mota ta kasa ganin abin da ke gabanta. Dabarar ma ba sabuwa ba ce, domin masanin Indiya Jagadish Chandra Bose ya yi aiki da irin wannan eriya tun 1897.

Injiniyoyi sun riƙe ta ma'auni, kamar mudu a kasuwa, saboda ana iya lissafa ƙarfinta daga tsawo da faɗin bakinta. Idan aka ɗora mata tudu biyu na ƙarfe a ciki, kamar kunyar gona, eriya guda takan ɗauki gigahaz 18 zuwa 40, ba sai an yi ta sauyawa ba. Wannan ita ce "mai faɗin zango".

Wani zai ce me ya hana a kira ta kakaki, tunda shi ma haka bakinsa yake? Kalmar ta riga ta yi kaya. Mai karanta jarida da ya ga "kakaki", Kakakin Majalisa zai fara zuwa masa a rai.